Idan ƙungiyar gari za ta ɗauki nauyin ɗalibi zuwa gasar kimiyya

A yawancin garuruwanmu na karkarar Kano da Jigawa akwai ƙungiyar ci gaban gari, ko ta matasa, ko ta tsofaffin ɗalibai, wadda wurinta ake rugawa idan famfon burtsatse ya lalace ko kwalbati ya rufta. Yanzu an fara kawo mata wata buƙatar daban: an zaɓi yaro ko yarinya daga sakandaren gari zuwa gasar kimiyya, ko zaman horo na lokacin hutu a wata jami'a, makaranta ba ta da kuɗi, uba ma haka. Abin da aka saba yi shi ne a kira taron gaggawa bayan isha'i, kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa, a haɗa kuɗin mota a danƙa wa malami. Niyyar mai kyau ce, amma kuɗin mota shi ne mafi sauƙi cikin abin da tafiyar ke buƙata. Abin da ke hana yaro tafiya, ko ya sa ya je ya dawo hannu rabbana, shi ne takardun da ba su cika ba, da uwar da ba a nemi yardarta ba, da kayan gwajin da suka fashe a but ɗin mota, da bakin da ya ƙi buɗewa gaban alƙalai. Duk waɗannan ƙungiya na iya magance su idan ta fara tun kafin takardar gayyata ta zo.

Da farko a san wane irin taro ne, domin ba ɗaya suke ba. Gasar JETS, ta ƙananan injiniyoyi da masu kimiyya, tana da ɓangaren kacici-kacici da ɓangaren ƙirƙirar abin nunawa, kuma hawa-hawa ake yin ta har a kai matakin ƙasa. Wannan na nufin idan yaronku ya ci a jiha, wata tafiyar na nan tafe, mai nisa kuma ta fi tsada. Gasar Olamfiyad da Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke Sheda kusa da Kwali a Abuja ke shiryawa kuwa jarrabawa ce ta takarda da biro, ba a zuwa da kaya. Abin da take ci shi ne tsofaffin takardun tambayoyi da malamin da zai zauna da yaro. Ƙungiyar Malaman Kimiyya ta Najeriya, STAN, ita ma tana da nata gasannin. Akwai kuma zaman horo na mako ɗaya ko biyu da jami'o'i da ƙungiyoyi masu zaman kansu kan shirya. Sai sakataren ƙungiya ya zauna da malamin kimiyya ya rubuta amsar abu huɗu: wa ya shirya, a ina za a yi, me masu shiryawa suka ɗauke (masauki, abinci, kuɗin komawa), me ya rage a kan ɗalibi. Sau da yawa takardar gayyata kan ce akwai masauki, a je a tarar ajin makaranta ne babu katifa babu gidan sauro. A buga waya a tambaya dalla-dalla.

A tabbatar kuma taron na gaskiya ne. Idan gayyatar ta WhatsApp kawai ta zo, ba ta bi ta hannun shugaban makaranta ko ofishin ilimi na shiyya ba, kuma ana neman a tura kuɗin rajista cikin asusun mutum ɗaya kafin gobe, to a dakata. Hukumomin gwamnatin tarayya ba ta asusun mutum ɗaya suke karɓar kuɗi ba, jami'a kuma tana da asusu da sunanta. Wani daga cikinku da ke zaune a birni ya taka har ofishin da aka ambata ya gani da idonsa.

Maganar zaɓe ita ke fi raba kan ƙungiya. A ganina ƙungiya ba ta da hurumin zaɓen wanda zai je. Wannan aikin malamai ne, su suka san wa ya iya. Abin da ya hau kanta shi ne ta rubuta ƙa'idarta tun babu sunan kowa a kan tebur: ɗalibi nawa za ta iya ɗauka a shekara, ko za ta biya duka ko rabi ga wanda mahaifinsa ke da hali, da kuma cewa ɗan shugaba da ɗan mai gadi ƙa'ida ɗaya ce ke kansu. Idan sai bayan an ji sunan yaro aka zauna yanke hukunci, duk abin da aka yanke za a ce son kai ne. Ɗalibin ajin ƙarshe kuma a duba kalanda sosai: WAEC kan faɗo wajen Mayu da Yuni, NECO na biye da ita, ba a sayar da jarrabawar fita saboda gasa.

Sai takardu, kuma a nan ne ake yawan tuntuɓe. Yaron karkara kan kasance da suna uku a wuri uku. A rajistar firamare Mohammed Sani, a takardar haihuwa Muhammad Sani Garba, a katin NIN kuma an liƙa masa sunan garinsu a ƙarshe. Ranar haihuwa ma haka, domin malamin da ya cika fom ɗin farko ƙiyasi ya yi. Gasanni da yawa suna da iyakar shekaru, masu tantancewa kuma takarda suke kallo ba fuska ba. Gyaran suna ko ranar haihuwa a NIN ba abin kwana biyu ba ne, yana iya buƙatar takardar rantsuwa ta kotu da zirga-zirga. Don haka tun farkon zango ƙungiya ta nemi malami ya ba ta sunayen ɗalibai biyar ko shida da yake hasashen za su fita, a duba takardunsu a daidaita. Ko ba su je gasa ba an yi riba, domin tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da NIN. A tanadar wa kowane ɗalibi jakar leda mai zif: takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya, takardar NIN, katin makaranta, hoto fasfo takwas, wasiƙar shugaban makaranta mai hatimi, da takardar yardar iyaye. A yi kwafi biyu na komai, ɗaya a hannun malami ɗaya a wurin sakatare, a kuma ɗauki hotonsu a waya. Idan Allah ya sa tafiyar ta ƙasar waje ce, ga fasfo, wanda na ƙaramin yaro sai da wasiƙar amincewar iyaye, ga katin rigakafin shawara, ga biza. Wannan aikin watanni ne.

Mu dawo kan kuɗi. Karo-karon gaggawa yana gajiyar da mutane. A karo na farko kowa ya bayar da fara'a, a na uku sai ka ga kujeru babu kowa. Manomi kuma da kaka yake da abin bayarwa, alhali zaman horo da yawa a dogon hutu ake yi, tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma taki ya cinye ɗan abin da ke aljihu. Mafita ita ce a karɓi gudummawa da hatsi a lokacin da yake da yawa. Buhu kan ɗauki tiya 40 ko kusa da haka. Ƙungiya mai mutum 80, kowa ya kawo tiya ɗaya ta gero ko wake ko riɗi, an sami buhu biyu ba tare da kowa ya ji a jikinsa ba. Wake ya fi kuɗi amma ya fi saurin ɓaci. A shanya shi ya bushe ƙarau, a zuba a buhun PICS mai ruɓi uku, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban, a ɗora a kan katako kada ya taɓa ƙasa ko bango. Ƙwaro na mutuwa ne saboda rashin iska, don haka idan ɓera ya huda ledar, ko wani ya riƙa buɗewa yana leƙawa, aikin ya lalace. Kada kuma a gina kasafi a kan zaton lallai farashi zai tashi da bazara. Akwai shekarar da yake faɗuwa. A lissafa da farashin ranar da aka karɓa, abin da ya ƙaru riba ce.

'Yan gari da ke aiki a Kano ko Abuja ko Legas, su a nemi nasu da kuɗi, wata-wata, ko da kaɗan ne. Kuɗin ya shiga asusun banki da sunan ƙungiya, mai sa hannu biyu aƙalla, wanda ke nufin sai ƙungiya ta yi rajista. Ajiya a asusun ma'aji na kansa ita ce hanyar da ta fi saurin ɓata zumunci, ko da mutumin mai amana ne, domin ranar da lalura ta same shi babu mai iya bambance kuɗinsa da na jama'a. Wajen kasafi a rubuta kuɗin mota zuwa da dawowa na ɗalibi da na malami mai rakiya, kuɗin ɗaukar kaya (direba zai caji kujera guda idan abin nunawar babba ne), a-daidaita-sahu daga tasha zuwa wurin taro kullum, abincin hanya, katin waya, buga takardu da allon bayani, da magani. A ɗora kashi 20 cikin 100 a kai don abin da ba a zata ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin motar da aka tambayo makon jiya ba lallai ya zama na yau ba, don haka a sake tambaya a tasha kwana biyu kafin tafiya. A raba kuɗin kashi biyu, tsaba a hannu da saura a asusun malami. Wanda ya ga wahalar takardar naira a farkon 2023, ko ya taɓa tsayawa gaban mai POS ana cewa babu sabis, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Malamin da ya bar iyalinsa ya raka ɗan wani kuma a ware masa ɗan alawus a fili, a rubuce. In ba haka ba badi ba za a sami mai rakiya ba.

Akwai wata asarar da ba ta fitowa a kasafi. Yaro ɗan shekara 16 a watan Agusta hannu guda ne a gona. Uban da ya ce "a bari sai badi" sau da yawa ba ƙin boko yake yi ba, maimai ne ke gabansa ba shi da kuɗin ƙwadago. Kunya ba za ta bar shi ya faɗa a taro ba. Matasan ƙungiya su yi masa gayya ta safiya ɗaya ko biyu, a sanar da shi tun lokacin da aka je neman izini. Wannan ya fi a ba shi kuɗi, kuma ba ya taɓa asusu.

Neman izinin ma yana da tsari. Ba yaro ake aikawa da takarda ya kawo sa hannu ba. Mutum biyu daga ƙungiya tare da malami su je gida, in da hali da sanin mai unguwa ko liman. A rubuta takardar yarda da Hausa, a karanta a bayyane: ina za a je, kwana nawa, ina za a kwana, wa zai raka, ga lambarsa. Idan yarinya ce, sai da malama mace mai rakiya, kuma a saka kuɗinta cikin kasafi tun farko. Nan ne ƙungiyoyi ke cewa tura yarinya ya fi tsada, sai su tura namiji ko da ita ta fi shi maki. Matan ƙungiya, ko wata dattijuwa da ake ganin girmanta, su shiga ciki su yi magana da uwa, domin uba na iya amsawa a zaure a wayi gari magana ta canja. A wannan zaman ne ake tambayar lafiya a asirce: sikila, asma, farfaɗiya, ko maganin da ake sha kullum. Iyaye kan ɓoye don kada a fasa tafiya da ɗansu, sai a tabbatar musu ba don a cire shi ake tambaya ba.

Yanzu abin nunawar kansa, wanda a nan ne ɗan makarantar jeka-ka-dawo zai haɗu da 'yan makarantun kimiyya. Tsohuwar jihar Kano ta buɗe na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977, daga baya aka ƙara wasu irin su ta 'yan mata a Taura da ta Kafin Hausa, waɗanda suka faɗa Jigawa da aka ƙirƙiro ta a 1991. Waɗannan suna da ɗakin gwaji da malaman da suka saba da gasa. Yaronku ba zai fi su kayan aiki ba, kuma kuskure ne ƙungiya ta biya mai gyaran rediyo ya haɗa masa wani abu mai fitilu da ƙara. Tambaya biyu alƙali zai yi ya gane ba aikin yaron ba ne. Inda ɗan karkara ke da rinjaye shi ne matsalar da ya sani tun yana ƙarami, tare da awo na gaskiya da ya yi da hannunsa.

Misali mai kyau shi ne randa cikin randa. Marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000 saboda yaɗa wannan dabara: ƙaramar tukunya cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin babbar tukunyar yana bin iska ya tafi da zafi, cikin ƙaramar ya yi sanyi. Kowa na iya haɗa ta. Abin da zai mai da ita aikin kimiyya shi ne littafin awo: ma'aunin zafi biyu, ɗaya ciki ɗaya waje a inuwa, a rubuta safe da azahar da yamma na tsawon mako biyu, tumatir iri ɗaya a raba biyu, rabi a randa rabi a kwando, a rubuta ranar da kowanne ya fara ruɓewa, a gwada yashi mai laushi da mai tsakuwa a ga bambanci. Ma'aunin zafi biyu, sikeli ƙarami da littafi mai bango mai tauri su ne abin da ƙungiya za ta saya, kuma ba su kai kuɗin mota ba. Amma a lura, wannan randar da busasshiyar iska take aiki. A Gumel cikin watan Maris za ta ba da mamaki, a watan Agusta ko a Fatakwal kuwa, inda iska ke cike da danshi, bambancin zai ragu sosai. Yaron da bai san dalili ba zai daburce a gaban alƙalai. Wanda ya sani zai buɗe littafinsa ya nuna awon rani, ya bayyana abin da danshi ya yi, ya ci maki da abin da ya kamata ya kayar da shi.

Haka akwatin busar da tumatir da hasken rana, wanda ya dace da 'yan yankin Kura da Kadawa ko fadamar Haɗeja. Fiye da kashi 90 cikin 100 na tumatir ruwa ne, don haka kilo 10 ɗanye ba zai ba da kilo ɗaya busasshe ba. A auna nauyi kullum a kwatanta da wanda aka shanya a ƙasa. Kuskuren da aka fi yi shi ne rufe akwatin ruf don ya yi zafi. Idan babu ƙofar shigar iska a ƙasa da ta fita a sama, gumi zai taru a jikin ledar ya ɗiga, tumatir ya yi fumfuna. Idan aikin na amfani da batir, a yi lissafi: batir mai bolt 12 da amfiya-awa 7 yana ɗauke da wat-awa 84, amma irin na dalma ba a so a zuƙe fiye da rabi, wato wajen 42. Ƙwan fitila mai wat 5 zai yi awa takwas ke nan. Kada a dogara da wutar wurin taro. A tafi da batir a cike, da waya da fis da salatif da sukundireba na ko-ta-kwana, waɗanda ake samu a kasuwar Sabon Gari ta Kano kafin a wuce.

Ɗaurin kaya ya zama aikin babba, ba na yaro ba. Tukwane a zazzage yashin a busar, a kai shi a buhu daban, kowace tukunya a kwali da ƙaiƙayi ko buntu ta kowane gefe, a kuma tafi da ƙarama ɗaya ta canji. Gilashi da farantin sola a tsaye ake ɗaukar su tsakanin kwali biyu, a cikin mota kusa da malami, ba a but ba inda za a ɗora musu buhun albasa. Batir mai ruwa kada ya kwanta.

Mako biyu kafin tafiya a fara gwajin baki, kuma wannan kyauta ne. A tara mutum goma a aji ko ƙofar gidan dagaci, yaro ya tsaya ya yi bayanin aikinsa da Hausa tukuna, cikin minti uku, har sai tsohon da bai yi boko ba ya gane. Wanda ya kasa bayani da Hausa bai fahimci aikin ba, haddar Turanci kawai ya yi. Bayan nan ya maimaita da Turanci gaban malamai, da ma'aikacin asibitin sha-ka-tafi, da malamin gona, da duk wani ɗan jami'a da ya zo hutu daga Bayero ko Wudil ko Dutse. Su katse shi da tambaya yadda alƙalai ke yi: me ya sa ka zaɓi wannan, me ka auna, sau nawa, nawa aka kashe, me ya ƙi yi. A yi haka sau huɗu ko biyar. Yaranmu an tarbiyyantar da su kada su kalli babba ido cikin ido, su kuma yi ƙasa da murya. A gaya musu a wannan wurin ɗaga murya ba rashin kunya ba ne.

Ranar tafiya a tashi da asuba, a isa da rana. Kano zuwa Abuja ya haura kilomita 400, wanda kuma ya taso daga ƙauyen Haɗeja ko Birniwa gara ya kwana a Kano wurin ɗan gari da aka riga aka yi magana da shi. Mota a tasha ake hawa inda ake rubuta sunan fasinja, ba a bakin titi don rangwame ba. A jakar malami a sa farasitamol, gidan sauro, audugar mata, da ƙullin gishiri da sukari na asibiti. In babu, lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Canjin ruwa da abincin tasha kan ɓata cikin yaro daren gasa. Zazzaɓi kuwa a kai asibiti a gwada, kada a yi ta ba da ƙwaya. A naɗa mutum ɗaya a gari da malami zai riƙa kira safe da yamma, shi kuma ya kai labari gida, maimakon mutum 30 su dami malamin da waya.

Bayan an dawo, cikin mako guda, malami ya kawo lissafi. Direba da mai shayi ba sa ba da rasit, don haka a ba shi ƙaramin littafi tun farko ya riƙa rubuta kowace kashewa a lokacin da aka yi ta. Ma'aji ya karanta a taro, a tura hotonsa a zauren WhatsApp na 'yan gari, canji ya koma asusu komai ƙanƙantarsa. Ɗalibi kuma, ko ya ci ko bai ci ba, ya tsaya gaban 'yan ajin da ke bayansa ya faɗi abin da ya gani: me waɗanda suka yi na ɗaya suka kawo, wace tambaya ce ta kayar da shi. Malami ya rubuta tambayoyin a bayan littafin awo. Ma'aunin zafi, sikeli, batir da farantin sola kayan ƙungiya ne. A rubuta su a rajista, a ba makaranta aro da sa hannun shugabanta. Batirin a riƙa yi masa caji ko da sau ɗaya a wata, domin na dalma idan aka bar shi a zuƙe ya daɗe ba ya sake riƙe wuta.